Ranar da Na Ƙi Kawuna a Maraɗi

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji shida a firamare. Tun kafin rana ta fito muna tsaye a bakin titin Bungudu, kowa cikin kayan makarantar da aka wanke jiya, muna jiran doguwar motar da za ta kai mu Maraɗi. Hedimasta ne ya ƙulla tafiyar da wata makaranta ta can, wai mu ga wata ƙasa kafin mu bar hannunsa. Ni kuwa iyakata Gusau, ita ma sau biyu, duka a bayan motar buhuna. Innata ce ta rako ni. Da motar ta iso sai ta ja ni gefe, bayan teburin mai shayi, ta cusa min ƙullin daddawa a jaka, ta riƙe kunnena kamar yadda take yi in za ta aike ni kasuwa.

"Rabi, in kunka isa, ki tambayi yayana Hamisu, malamin makaranta na. Ki ce mai mun baro Tsafe, muna Bungudu. Saƙon ke nan, kar ki mance."

Inna mutuniyar Maraɗi ce. Babana ya auro ta lokacin da yake fataucin hatsi, suka zauna a Tsafe, a can aka haife ni. Da kakana ya rasu sai Baba ya kwashe mu muka dawo Bungudu don ya riƙe gonar gida. A daidai lokacin ne kuma aka yi wa yayanta canjin makaranta, shi da ya rage mata a duniya ciki ɗaya. Saƙonnin da suke aika wa juna ta hannun direbobin tasha suka daina isa, don ita ba ta san inda aka kai shi ba, shi ma bai san mun tashi ba. Tun ina goye rabon su da juna. In muna surfe da rana, ni da ita a turmi ɗaya, takan tsaya da taɓarya a hannu ta ba ni labarinsa: yadda yake goya ta zuwa rijiya, yadda ya taɓa cin duka saboda ƙwaryar da ita ta fasa. Ni a lokacin burina a gama surfen in zuba wa awaki dusa in fita carabke, don haka da kunne ɗaya nake ji.

Gaskiya dai ban son a san inda Inna ta fito. Ina aji biyu na yi kuskuren cewa "lakwal" a maimakon makaranta, kamar yadda take faɗa a gida, aji ya ɗauki dariya. Ladidi, wadda muke zama benci ɗaya, ta laƙa min sunan, har cikin waƙar gaɗa ta sa shi. Sai da na yi shekara guda ina dambe a bayan aji kafin sunan ya mutu. Daga nan na zama mai gyara wa uwata magana, ni da ko wankan kaina ban iya sosai ba. Ita kuma ba ta cewa komai sai "To, malama," ta ci gaba da tankaɗenta. Mutanen Bungudu ma ba su san sunanta na yanka ba, Hassi. Amarya kakata ta kira ta ran da ta zo, Amarya ta zama har ta yi furfura.

Mun bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi, muna waƙa har muryoyi suka dishe, muka tsallaka iyaka bayan Jibiya. Na zaci in an shiga wata ƙasa har launin ƙasar canzawa yake, sai na ga gero dai gero ne, jakuna ma irin namu. Amma da muka shiga gari kafin azahar, idona ya raina fata. Allunan shaguna duk da rubutun da ko Malam Sani, malamin ajinmu, bai iya karantawa ba. Ga burodi dogo kamar sanda a kan yara masu talla, ga jandarmomi, 'yan sandan can, da wata irin hula, ga babura ta ko'ina. A ƙofar makarantar da ta gayyace mu wani dogon mutum yana jiran mu, da farar riga da alli a aljihu. Shugabansu ya gabatar da shi, ya ce shi zai zaga da mu gari, sunansa Mushe Hamisu.

A can, mushe shi ne malamin boko, daga bakin Faransa suka aro kalmar, kuma girmamawa ce. A wajenmu kuwa mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari. Babu wanda ya gaya mana wannan kafin mu taso. Ladidi ce ta fara toshe hanci, sai dariya ta bi layi kamar wutar kara. Malam Sani ya zare mana ido, amma shi kansa leɓensa rawa yake. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki, kafin sunan na biyu ya sauka a kunnena. Na sake duban mutumin. Da ya yi murmushi sai ga wushiryar Inna a bakinsa, ba ragi ba ƙari. Nan take na koma can bayan layi.

Ya zaga da mu yadda ya kamata, ba ya gajiya da tambaya. Ya kai mu babbar kasuwa, ya nuna mana rumfunan masu atamfa da inda ake jibge albasa, ya kai mu babban masallaci muka yi azahar, ya nuna mana asibiti ya ce su likita suke ce masa. Duk inda muka bi sai an gaishe shi, "Sannu Mushe," "Ina wuni Mushe," kowace gaisuwa kuma sai ta tayar mana da sabuwar dariya. Ladidi har ta fara haɗa waƙa, tana rerawa ƙasa-ƙasa, 'yan mata suna amshi. Ya ji mu sarai. Ya juyo yana murmushi ya ce ya san abin da ke ba mu dariya, mu yi abinmu, shi dai da ransa. Wannan haƙurin nasa ya fi komai damuna, don irin na Inna ne.

Da la'asar aka zaunar da mu a inuwar bishiyar dogon yaro a harabar makarantar, aka kawo shinkafa da wake. Ya jira muka ci muka sha, sannan ya tsugunna a gabanmu, babba da shi.

"Cikinku akwai ɗan Tsafe? Ina da ƙanwa da ta yi aure can, sunanta Hassi. Na daɗe ban ji labarinta ba."

Yara suka amsa baki ɗaya cewa mu 'yan Bungudu ne. Ladidi ta zungure ni da gwiwar hannu ta raɗa min, "Ƙanwar mushe, ko wace ce ita?" Jakata tana kan cinyata, warin daddawar yana fitowa. Kalma ɗaya ake nema a bakina. Amma abin da na hango shi ne filin gaɗa, da sabon sunan da zai bi ni har sakandare, 'yar gidan mushe. Na ce a raina bari a tashi, zan same shi shi kaɗai. Aka tashi, Malam Sani ya hau ƙirga kawunanmu yana kora mu mota don kada a rufe iyaka. Mutumin yana tsaye a bakin ƙofar motar yana sa wa kowa albarka. Na wuce ta gabansa kaina a sunkuye.

Daddawar a wajen Zurmi na jefar da ita ta taga. Da na isa gida Inna ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta tambaye ni. Na ce na tambaya, ba wanda ya san shi. Ta ce Allah ya sa yana lafiya, ta kawo min tuwo. Na ci tuwon nan tas, abin da har yau yake ba ni mamaki. Kwana biyu abin ya ɗan ci ni, daga baya jarrabawa ta zo, ɗiban ruwa da roron wake suka ci gaba, na manta kamar yadda yara ke mantawa.

Ina kwalejin horon malamai a Gusau wani ɗan kasuwar Maraɗi ya gane Baba a kasuwar hatsi, ya biyo shi gida da ta'aziyya. Kawu Hamisu ya rasu damina biyu da suka wuce. Mutumin ya ce sau biyu Kawu yana zuwa Tsafe neman mu, ana ce masa ba a san wata Hassi ba. Inna ta yi zaman makoki ita kaɗai, na mamacin da ba wanda ya sani a garin sai Baba da ni. A rana ta uku na kasa daurewa, na zauna kusa da ita a kan tabarma na faɗa mata komai, har da daddawar. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu. Sai ta matso, idonta a kaina kamar na kawo mata tsaraba.

"Ashe kin gane shi da idonki. Ya yi hurhura?"

Ban sani ba. Wuni guda na yi tare da shi ina gudun fuskarsa. Na ce mata ban lura ba, ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ni ma malama ce a Bungudu. Hanyar da muka bi muna waƙa ta zama abin tsoro, babu hedimastan da zai ɗebi yara ya bi ta. Amma ɗalibaina suna da dangi a Maraɗi da Damagaram, suna ganin fuskokinsu a waya duk ran da suka so, har su gaji su kashe. A zamaninmu ba waya, ba adireshi, sai wanda aka aika. Inna ta sami ɗan aike sau ɗaya tak a rayuwarta, kuma ni ce.