Gwaggo Dela da Dagin Huda Bango

Duk wanda ya zauna Dayi a wancan zamani ya san yadda Gwaggo Dela ke shiga ɗakin mutane. Sallama na bakinta, idonta na sama. Ba ta zama, ba ta karɓar ruwa, sai ta gama zagaye tana shanshane-shanshane kamar mai neman mushen ɓera, sannan ta ce, "Ina hancin ɗakin nan?" Hancin da take nufi kafa biyu ce, ɗaya ƙasa kusa da wuta inda iska ke shigowa, ɗaya sama inda hayaƙi ke fita. In babu, mai ɗaki ya shiga uku, don da ɗan daginta take yawo. Mata na zuwa barka da kanwa da yaji, ita da dagi! Yayar babana ce, sana'arta dafa wa masu jego ruwan wanka, kuma ba don wannan taurin kan nata ba, da yau ba ni ke ba ku labari ba.

Mijinta Baba Tanko, bawan Allah, shi ya fi kowa shan wuya. Ɗakinsu in ana ɗari ko kaji ba sa yarda su kwana ciki. Wata rana ya gaji, ya cusa hularsa cikin kafar da ke saitin kansa. Ta gani. Da hantsi sai ya ji dukan bango, ta huda wata a gefe.

"Haba Dela! Mi kuma na yi?"

"Ba komai, Malam. Na ga hularka ta samu ɗaki, na ce kar in tashe ta."

Ya duba, hularsa ɗaya ce, bango kuwa da saura. Ya je ya zare abarsa.

Babana ma bai tsira ba. Shekarar da auduga ta yi masa kyau ya gina soro, aka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Maƙwabta na shigowa kallo, sai ga Gwaggo, kafin ya miƙe ta kai sara.

"Yaya, don girman Allah! Ɗakin da ko kwana ba a yi ciki ba?"

"Shi ya sa na zo da wuri, Mati."

Tsofaffin garin kuwa kullum suna cikin rigima da ita. Su a wurinsu babu abin tsoro ga mai jego kamar sanyi, in ya shige ta ya shiga ke nan. Sai a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, a toshe ko'ina da tsumma. Ita kuma ta bi tana zarewa tana mita: "Wuta ma numfashi take, ku mutanen nan. In ba ku ba ta iskar waje ba, ta wa za ta sha in ba ta yarinyar ba?"

Ni a Danja aka kai ni aure, gidan maƙera, can kuma na haihu cikin tsananin ɗari. Surukuwata Iya Gambo tana sona kamar ita ta haife ni, kuma son ne ya kusa kashe ni. Ta ce ba za a fitar da ni iska ba, aka shigo da tukunyar ruwan wanka cikin ɗaki. Don kar hayaƙi ya dame ni, ta sa aka ɗebo gawayin ƙirya daga maƙera, irin wanda ke ci jawur babu hayaƙi ko kaɗan. Ta zuba a murhu, ta zuba ƙarƙashin gado, ta saki asabari, ta lulluɓa masa bargo.

Bayan wankan safe na kwanta da ɗiyata a gefe. Abin da nake tunawa, kaina ya yi nauyi, ina jin yarinyar tana ɗan kuka can nesa, ina so in ɗaga hannu na kasa. Sauran labarin ba ni aka yi.

Gwaggo ta biyo ayarin fatake bisa jaki, ta iso da hantsi. Iya Gambo ta tarbe ta da murna.

"Maraba, maraba! Ku ɗan huta tukuna, barci suke mai daɗi, tun ɗazu ko motsi."

"Ko motsi?"

Ta fizge bargon da asabarin gaba ɗaya. Aka ce jaririyar a hammata ta fito da ita, ni kuwa ta ƙafa ta jawo ni har tsakar gida, kamar an jawo buhun gero. Na farfaɗo ina amai, kunnena na jin dagi yana cin bango. Surukina ya rugo daga maƙera yana salati.

"Baiwar Allah, ai gawayi ne, ba ya hayaƙi!"

"Kai da ka tsufa bisa zuga-zugi, Sarkin Maƙera? Mi kake hura ma gawayin kullum, ruwa?"

Ya karɓi dagin daga hannunta, ya ƙarasa hudar da kansa.

Muna dariyar abin yanzu, amma ran nan ban ga dariya a fuskarta ba. Ta zauna gindin rumbu da ɗiyata a cinya, ta kafa kunne a ƙirjinta, ta ƙi ba kowa. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, sai na ga suna zuba.

"Asabe," ta ce mini, "haka na tarar da yayata Hajo da ɗanta. Ina budurwa, na kai mata kunun kanwa. Aka ce aljannu ne. Ni ma da na shiga jiri ya ɗebe ni, ina fitowa waje na warware. Su ba wanda ya jawo su."

Yarinyar ta yi atishawa, ta callara kuka. Gwaggo ta share ido da gefen zane, ta miƙo min ita, ta ce in ba ta nono.

Wannan yarinyar ga ta nan yau da jikokinta, ita ta yi wa Gwaggo wankan ƙarshe. Ina kewarta, wallahi. Allah ya ji ƙanki Gwaggo, ya yalwata miki makwanci, ya haɗa ki da Hajo da ɗanta a gidan rahama. Amin.