Tsiron Dawa a Kunun Autana

Shekarar da fari ya cinye gonaki, sukari ya fi ƙarfinmu. Autana na kwance da ƙyanda, ba ya karɓar komai sai kunu mai zaƙi. Da tsiron dawa muke samun zaƙin: a niƙa, a bar kunu ya sha iska, sannan a zuba. Ran nan kukansa ya sa na zuba tsiron tun kunun na tafasa. Ya fito lami, yaron ya kau da kai.

Bayan shekaru yayarsa, mai karatun kimiyya, ta ce, "Inna, wani sinadari ne a tsiron yake kama garin ya mai da shi zaƙi. Zafi na kashe shi."

Tsirona ke nan na ƙarshe a waccan ranar. Sabon tsiro sai ya kwana uku, autana kuwa kwana biyu Allah ya ƙara masa a duniya.