Faifayenmu a Kan Tsauni

A Auyo muka tashi ni da ƙanwata, ƙasar da ba ta da ko tudun kirki, sai fadama da shinkafa iya ganin ido. Kakarmu ce ta koya mana ɗinkin faifai, kuma duk unguwa an san hannuna ya fi nata. In zanenta ya karkace, ni nake warware mata.

Wata ranar kasuwar Haɗeja zazzaɓi ya kwantar da ni, ta tafi da kayanmu ita kaɗai. A can ta haɗu da wata hajiya da ke gina masaukin manyan baƙi a kan tsaunin Mambila. Hajiyar ta kwashe faifayen duka, ta karɓi lambarta. Bayan damina aka aiko mota har ƙofar gida, wai ƙanwata ta je ta nuna yadda za a jera su a bango. Ina tsakar gida ina shanya shinkafa motar ta tashi. Ban fito ba.

Makonta uku ta dawo, mata suka cika ɗakin Inna ana kallon hotuna a waya. Ɗakunan masaukin zagayayyu ne kamar rumbu, da rufin ciyawa, amma ciki gado ne mai laushi da tagar gilashi, gajimare na wucewa ta ƙasa da ita. Ta ce da safe sai an kunna murhu saboda sanyi, kuma ruwan zafi daga bango yake zubowa. A hoton babban zaure, bayan kujerar karɓar baƙi, na hango faifaina mai ja da baƙi, wanda na yi kwana tara ina ɗinkawa. Ƙanwata tana tsaye a ƙarƙashinsa tana murmushi.

"Yaya, kin gane shi?" in ji ta.

Na ce, "A karkace suka rataye shi."

Inna ta dube ni, ta ce, "Ke ce babba fa." Na tashi na fita. Ganyen shayin da ta kawo mini tsaraba, maƙwabciya na ba, ko buɗewa ban yi ba.

Mun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Rannan ta shigo ɗakina da damin kaba, ta ajiye, ta ce hajiyar na son ƙari, kuma irin mai ja da baƙin take so.

"Na gwada sau uku, Yaya. Ba ya fitowa."

Na so in ce ta je tsaunin ya koya mata. Sai na jawo kabar na fara tsagawa, ita kuma ta zauna tana rina mini.

Da aka gama, ita aka sake aiko wa mota, don ita suka sani. Wannan karon na raka ta har bakin titi, na riƙe mata jaka. A hanyar komowa na bi ta bakin kogi, don kada in haɗu da mai tambayata yaushe ni ma zan je.