Goyon Dauda

Ranar wata Asabar ce a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, gero ya fara fitar da kai, ina tsaye a gindin aduwar bayan makarantarmu da ƙanena Dauda a baya, ina kallon su Hinde ƙawata suna tsallen igiya. Watansa goma sha ɗaya, amma nauyi kamar turmi, ga yawunsa yana bin wuyana, ga majanyi ya ci mini ƙirji. Sau biyu aka kira ni in shiga, sau biyu yana tsala ihu ana fitar da ni. Haushi ya ishe ni, na girgiza shi na ce a fili, "Allah ka raba ni da goyon nan, na gaji!" Hinde ta yi dariya, wasa ya ci gaba, ni ma na manta.

Mu kaɗai ne Kirista a ƙauyen nan na gefen Sandamu, inda aka turo Baba koyarwa. Ran Lahadi yakan loda mu a babur zuwa coci a Daura, sauran kwanaki kuwa rijiyarmu ɗaya da kowa, tare muke surfe, tare muke roron gyaɗa. Mama mace ce mai fara'a, amma akwai abu guda da ba ta ɗaga ƙafa a kansa, wato gunaguni. Ka ce miyar kuka ta ishe ka, ko rijiya ta yi nisa, ko don me 'ya'yan maƙwabta suka yi sabon ɗinki da Sallah mu sai Kirsimeti, sai ta ajiye muciya ta ba ka labarin Isra'ilawa da bakinsu ya tsare su a jeji shekara arba'in. Kullum ƙarshen zancen ɗaya ne: "Allah ba kurma ba ne, Rifkatu, har na cikin ciki yana ji."

Ba a yi mako biyu ba ƙyanda ta shigo gari. Ta kama yara da yawa, wasu suka tashi, Dauda bai tashi ba. Da hantsi ya cika a cinyar Mama. Babu maƙabartar Kirista kusa, sai Malam Sani maƙwabcinmu ya ce a sa shi a gefen gonarsa, shi da ƙannensa suka haƙa ramin. Baba ya yi addu'a, ya ce Mai abu ya karɓi abinsa. Mama kuwa ko ɗigon hawaye ban gani ba. Mata suna shigowa suna cewa sai haƙuri, tana miƙa musu ruwa tana cewa, "Mun gode Allah." Ni ina rakuɓe a bayan rumbu, don ni kaɗai na san wanda ya roƙi wannan abu.

Daga ranar na kulle bakina. Ko ƙanzo aka ba ni sai in ce na gode, ko sau biyar aka aike ni rijiya ba na cewa uffan, har Baba ya fara yabon hankalina. Igiya kuwa ban sake kusantarta ba, ga baya babu kowa, amma nauyin yana nan. Ana cikin girbi ƙayar aduwa ta shige mini tafin ƙafa ta karye a ciki. Na yi shiru da ita kwana shida, ina taka gefen ƙafa, har ta kumbura ta yi ruwa. Mama ce ta lura ina ɗingishi, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ƙona allura, ta ce me ya hana ni faɗa. Na ce ina tsoron in yi gunaguni Allah ya sake ɗaukar wani, sannan na faɗa mata abin da na ce a gindin aduwa.

Ta ajiye allurar, ta riƙe ƙafata. Ta ce, "Ni da na haife shi, sau nawa na ce na gaji? Allah yana ji, amma ya san bakin yaro mai gajiya. Ban koya miki daidai ba, 'yata. Yarda da nufinsa ba ta hana a ce da ciwo." Sai ta kifa kanta a gwiwata ta fashe da kukan da ta riƙe wata biyu, tana kiran sunansa. Ranar na fara jin Mama ta tambayi Allah don me, kuma sama ba ta faɗo ba.

Yau Mama ta daɗe da rasuwa, gonar Malam Sani ta zama gidaje, ko shi da yana raye ba zai nuna inda ramin yake ba. 'Ya'yana suna ƙorafi a kan komai, daga wuta har abinci, nakan tsawata, amma ban taɓa ce musu Allah yana jinsu ba. Na yarda da maganar Mama, na san ƙyanda ce ta ɗauke Dauda. Duk da haka na goyi 'ya'ya huɗu, yanzu ina goyon jika, kuma ko bayana zai tsage, da yaro a kansa ban sake cewa na gaji ba.