Abin da Yaya Mudi ya gaya wa Kaka

Wata safiyar Talata ce a daminar 1996, shekarar da sojojin Bangui suka yi ta bore. An yi ruwa da asuba, jar ƙasar unguwarmu Kilomita Biyar ta zama taɓo mai kama takalmi, ni kuwa ina tsaye a bakin titin Koudoukou cikin rigata ta Sallah, yayana Mudi yana riƙe da hannuna, yana ɗaga ɗaya hannun ga taksi. Shekarata tara, shi yana gab da gama sakandare. Ya saya mini makala, fanken garin nan, a cikin takarda, ya ce in ci a hankali kada mai ya ɓata rigar. Asibiti za mu, amma ba abin da yake mini ciwo. Madam ɗinmu ta lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta ce a kai ni wajen wata likita mai duba yaran da karatu ya ƙi zama musu.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama sosai. Baba yana fataucin kaya daga Kamaru, kuma a shekarar nan in hanya ta rufe sai ya yi watanni bai dawo ba. Gidan yana hannun Kaka, mahaifiyarsa, wadda aka kawo daga Damagaram tana amarya, ta tsufa a Bangui amma abin da take ji na Sango, yaren garin, bai wuce na cinikin kifi da ganyen rogo ba. A tsakar gidanta Hausa ake yi. Mu yara kuwa Sango ne a bakinmu tun daga ƙofar gida har rijiya, Faransanci a lakwal, Hausa kuma ta gaisuwa da aike da shan faɗa. Tawa Hausar gajera ce ƙwarai. Ina jin kusan komai, amma in zan yi dogon bayani sai kalmomin su ƙare mini a tsakiyar hanya.

Ni ce yarinyar da za a aika sayen gishiri ta dawo da ashana. In an shanya rogo a tabarma aka ce in kori awaki, zan zauna da sandata da niyya mai kyau, sai layin tururuwa ya ɗauke ni har bayan ɗaki, in dawo in tarar da akuya ta yi rabin aikin. A lakwal abin ya fi muni. Haruffa suna juya mini baya, layi yana hawa kan layi, ina cikin na sama sai in tsinci kaina a na ƙasa. Ga taga kusa da bencinmu, ga mangwaro, ga tsuntsaye. Na sha bulala har na daina kuka. Amma a wasan 'yar carafke ba yarinyar da take cin duwatsuna daga layinmu har unguwar Yakité, kuma waƙa in na ji ta sau ɗaya ta zauna. Yaya Mudi kaɗai yake ganin wannan. Da la'asar yakan zaunar da ni a gindin mangwaron gidanmu da allon lakwal, in na ɓata ya share da gefen rigarsa ba tare da tsawa ba. "Zuwaira ba daƙiƙiya ba ce," yakan ce wa duk wanda ya zage ni. Ba ni da wani a duniya kamarsa.

Likitar 'yar ƙasar nan ce, ta yi karatu a waje a kan yadda ƙwaƙwalwar yara take aiki. Ɗakinta ƙarami ne a bayan asibitin, ba allura, ba warin magani, sai tebur gajere da kujeru irin namu na yara. Da Sango ta yi mini magana. Ta faɗi lambobi ta ce in maimaita, sannan in maimaita su daga baya zuwa gaba. Ta zubo 'yan katakai masu ja da fari, ta nuna mini zane ta ce in jera su su yi kama da shi, na gama kafin ta gyara zaman agogonta, ta yi dariya ta ba ni wanda ya fi wuya. Ta kawo takarda cike da ƙananan hotuna ta ce in soke kifi duk inda na gan shi. Na fara da kyau, sai ƙadangare ya hau tagar. Da na dawo kan takardar na tsallake layuka da yawa, na ɗaga kafaɗa ina jiran duka. Ba ta ko ɗaure fuska ba, ta rubuta wani abu ta ce mu huta. Haka muka yi ta yi har rana ta ɗaga, wani wasan ya yi mini daɗi, wani ya sa ni gumi.

Da muka gama ta kama haɓata ta ce, "Li ti mo ayeke nzoni," wato kanki lafiyarsa lau. Ta ce a wasu abubuwan ma na wuce sa'o'ina. Abu biyu ne kawai: tunanina yana tsalle kamar ɗan akuya daga wannan abu zuwa wancan, kuma idona yana wahalar bin layi. Ta ce ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ana koya wa tunani ya riƙa dawowa kamar yadda ake koya wa hannu rubutu. Sai ta ɗauki kwalin magani ta yanke wata siririyar taga a tsakiyarsa, ta ɗora a kan littafi. Duk shafin ya ɓuya, layi ɗaya kawai ya rage. Na bi shi da yatsa, ina harhaɗa haruffan, har na kai ƙarshensa. Ban taɓa kai ƙarshen layi ni kaɗai ba sai ranar. Ta ce a riƙa kawo ni kowace Talata, a gida kuma a yi mini atisaye gajere-gajere da murafan kwalba, a huta a sake, a lakwal a zaunar da ni gaba nesa da taga. Ta faɗa wa Yaya Mudi da Faransanci, ta sake faɗa da Sango don in ji. Ya maimaita mata komai daidai. A bakin ƙofa ya dafa kaina ya ce ko ana ruwan wuta zai riƙa kawo ni.

A hanyar dawowa, wajen unguwar Miskine, muka tarar an gindaya shinge da tayoyi da ganga, wanda babu shi da safe. Wasu masu kaki suka sauke mazan da ke cikin taksin. Suka karɓi katin Yaya Mudi, suka karanta sunansa da ƙarfi suna dariya, suka ce baƙo ne, ya faɗi ƙasar da ya fito. Ya ce a nan aka haife shi. Ɗaya ya mare shi, ya sa shi durƙuso a cikin taɓo, ya ɗora masa bakin bindiga a bayan wuya. Ban san tsawon lokacin ba. Ina cikin mota na damƙe kwalina a ƙirji. Da suka sake shi ya shigo wandonsa jage-jage da laka, har muka isa gida bai dube ni ba.

Kaka tana tsakar gida tana tsince shinkafa, matar Baffa tana gefe da jaririnta. Yaya Mudi ya ce santsi ne ya kayar da shi. Kaka ta tambayi abin da likita ta ce. Na matso kusa ina jiran a ba da labarin katakai da tagar kwali. Ya dubi tiren shinkafar, ya ce, "Ta ce matsalar hankali ce, Kaka. Sai dai addu'a. Ba sai an koma ba."

Duk mai jin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin yaron da ba ya mai da hankali da yaron da hankalinsa ya taɓu. Yaya Mudi ya fi kowa a gidanmu sanin wannan tazarar, shi da yake karanta wa Kaka wasiƙun Damagaram. Na ce ba haka ba ne, na fara zuba da Sango. Kaka ta ɗaga hannu ta ce, "Yi mini da yaren ubanki, 'yar nan." Na laluba cikin 'yar Hausata ina neman ɗan akuyan nan na likita, abin da na samo shi ne, "Kaka, hankalina ne yake gudu." Tiren ya zame daga cinyarta. Ta jawo ni jikinta tana salati tana kuka, matar Baffa ta gyara goyonta ta matsa baya kaɗan. Na leƙa ta ƙarƙashin hannun Kaka ina neman idon yayana, ina jiran ya yi dariya ya ce ba haka take nufi ba. Ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki.

Ba wanda ya zalunce ni da duka bayan wannan, da tausayi aka yi mini komai. Kaka ta cire ni daga lakwal don kada boko ya ƙara dagula mini kai. Aka riƙa kawo rubutu ina sha da safe, ana turara mini hayaƙi da magariba. Aka hana ni zuwa rijiya, aka hana ni kusa da murhu, aka ɗauke wuƙa daga inda hannuna zai kai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne jaririn matar Baffa, wanda a da ni ce mai goyonsa, yanzu in na miƙa hannu sai a ce in bari, yana barci, alhali idonsa biyu yana mini dariya. Labari ya fita layi. 'Yan matan da nake cinye wa duwatsu suka daina kirana, in na zo sai wasan ya watse a hankali, ba zagi, kowa ya tuna an aike shi. Kwalin nan na ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma, wata rana na tarar an fifita gawayi da shi, gefensa ya ƙone har cikin tagar.

Da aka sake ɓarkewa da harbe-harbe a ƙarshen shekarar, muka kwashe makonni a cikin gida, ni da Yaya Mudi a ɗaki ɗaya muna jin ƙarar manyan bindigogi daga wajen kogi. Na ce a raina yanzu zai yi magana. Yakan ba ni rabin abincinsa, yakan toshe mini kunne da tafukansa in ƙarar ta yi yawa, amma allon lakwal bai sake fitowa gindin mangwaro ba. Da Baba ya samu hanya ya dawo, na same shi shi kaɗai na faɗa masa komai da Sango, tun daga katakai har kifi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kira Yaya Mudi ya tambaye shi a gabana. Lokacin an ɗauke shingen Miskine, taksi yana wucewa lafiya. Yayana ya dubi ƙasa ya ce, "Abin da likita ta ce ke nan, Baba." Baba ya shafa kaina. Maganar mai taɓin hankali ba a auna ta da ta ɗan sakandare.

Na san tsoro ne. Ina cikin motar, na ga bindigar, ba wanda zai ba ni labari. Da ya ce wa Kaka ba zai iya sake bin hanyar nan ba, da ni ce ta farko da zan ce a bari sai gari ya lafa. Amma faɗin haka ya yi masa nauyi, sai ya ɗauki nauyin ya ɗora a kaina, ya bar shi a nan har na girma da shi.

Sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar farko haruffa suka fara tsohon halinsu. Na koma gida na yanke taga a kwalin sukari, washegari na ɗora a kan littafina, matan ajin suna ta dariya, daga baya biyu daga cikinsu suka ce in yanka musu. Da shi na koyi karatun da nake wannan rubutu. Autana Ilu ya gado ni, malaminsa ya ce ba ya zama wuri ɗaya. Ban aiki kowa ba. Na hau babur da shi na kai shi aka gwada shi, na zauna a ɗakin, na ce a faɗa mini da Sango a sake faɗa, na dawo gida na zaɓi kalmomin Hausar da kaina kafin in buɗe baki a gaban kowa. Yanzu da la'asar muna jera murafan kwalba ni da shi, in ya tashi ya bi kaza sai in jira, yana dawowa.

Yaya Mudi yana Garwa ta Kamaru da iyalinsa, mukan gaisa ta waya. Bara na daure na tambaye shi abin da ya sa ya faɗi abin da ya faɗa ranar nan. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ke Zuwaira, wace likita kuma? Ni wallahi ban tuna ba." Sai ya tambayi lafiyar yara, na ce suna lafiya. Mangwaron gidan Kaka an sare shi tuni, an yi shago a wurin, amma in na wuce nakan ga yaron nan mai share mini allo da gefen rigarsa, kuma shi nake kewa, ba mutumin da ke waya ba. Ni aka ce hankalina yana gudu, ga shi ni kaɗai ce ban manta ba.