Kaffarar Mainasara Bahago

Shekara ashirin da ɗoriya ina aske kan Mainasara Bahago, kuma ni nake yi masa tsaga a hannu in shafa magani duk ranar da zai fita dambe. Don haka in na ce na san shi, ba a bakin mutane na san shi ba. Ɗan mahauta ne a nan Daura, teburinsa na kallon rumfata a kasuwa. Ƙato ne na gaske. In ya zauna a tabarmata sai na miƙe tsaye kafin aska ta kai tsakar kansa, cinyar saniya kuwa da mutum biyu ke kinkima, shi a kafaɗa ɗaya yake saɓa ta yana cin goro.

Da hagu yake dambe, a can yake naɗa zare. Kafin shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya yi kisa talatin da bakwai, wato mutum talatin da bakwai ya kai ƙasa, shi kuwa gwiwarsa ba ta san launin ƙasar fili ba. Ɗantsoho mai kalangu ya yi masa take nasa na kansa, wanda in aka buga shi mata a cikin gidajen wajen Kusugu sun san Mainasara ya shiga fili. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya. Gidansa ɗaki biyu ne, haƙoransa na gaba tuni suka bar gari, matarsa Zinariya takan ce ita ba miji ta aura ba, take ta aura.

Sai Hamma na Zango ya taso. Dogo ne, mai kauri, ba ya kirari, ba ya dariya. Mun fara ganinsa da kaka, bayan la'asar, a filin bayan kasuwa, inda ya sa zare da Ya'u, abokin yankan Mainasara. A turmin farko, wato zagayen farko, naushi ɗaya a gefen kunne, Ya'u ya zube kamar buhun gero. Aka yi ta kwara masa ruwa. Ya tashi dai, amma bakinsa bai tashi ba. Har yau yana nan, in ka gaishe shi sai ya yi maka murmushi yawu na zuba. Mainasara ne ya saɓa shi ya kai shi gida. Washegari da ya zo aski na ji kansa na rawa a ƙarƙashin aska, har na yanke shi.

Na ce, "Kai Bahago, zazzaɓi ne, ko an ce maka yau da kan zan tafi?"

Ya ce, "Yi askinka, wanzam."

A dambe, in mutum yana neman ka, takowa yake har inda ɓangarenku ke zaune ya miƙo maka hannunsa mai zare, jama'a na kallo. Sau uku Hamma yana miƙa wa Mainasara hannu a kakar nan. Na farko ya ce yatsansa ya gurɗe. Na biyu ya ce malaminsa ya duba ranar ba ta da kyau. Na uku ya ce surukarsa na kwance rai a hannun Allah, tsohuwar da na gani da safen nan tana surfe tana zagin kaji. Da ƙananan maganganu suka yi yawa, manyan dambe suka tsai da rana, wata Lahadi, suka ce ranar za a raba gardama.

Lokacin kuwa gari ya cika da wa'azi. Kowane lungu ana maganar layu da kiɗa da bin bokaye. Ranar Juma'a, saura kwana biyu, ana idar da salla sai ga Mainasara da ƙunshi a hannu. Ya zazzage layu da guraye da kambuna a ƙofar masallaci, ya cinna musu wuta. Ya ce a kawo Alƙur'ani. Da alwalarsa ya dafa, ya rantse cewa shi da zare har abada. Wuri ya ɗauki kabbara, wasu dattawa har da hawaye. Ni ma na yi kabbarar, da ƙarfi ma, don a kwanakin nan wanda bai ɗaga murya ba kallonsa ake yi.

Da ya tsaya a nan, da yau ana ba da labarinsa a wajen wa'azi: gwarzon da ba a taɓa kayarwa ba, ya bari don Allah. Waɗanda suka yi zargi ma da sun haɗiye.

Amma Hamma ya tafi dambe Legas, aka ji zai daɗe. Damben nan kuwa ya koma tsallaken Kongolam, cikin Nijar, inda ba mai hana kalangu. Duk Lahadi masu babura na wucewa ta gaban teburinsa suna ba da labarin wanda ya kashe wani, shi kuwa yana yanka nama yana ba mai awo biyu rabon mai uku. Wata huɗu ya daure. Sannan ya je ya tambayi wani malami me ke kan wanda ya karya rantsuwa, aka ce masa ya ciyar da miskinai goma.

Zinariya ta tuƙa tuwon dawa, aka dafa kan saniya. Miskinai tara aka samu, ni na cike na goma, ba don na cancanta ba sai don ƙanshin ya kai rumfata. Ina wanke hannu na ji ta a bayan zana.

"Malam, ka san abin da mutane za su ce."

"Addini ne ya ba ni ƙofa."

"Ƙofar da ba ta buɗewa sai Hamma ya bar gari?"

Lahadi na zuwa ya naɗa zarensa. Ya tsallaka Kongolam ya yi kisa shida a jere, ya dawo yana tafiya kamar gari nasa ne.

Kaka ta zagayo, Hamma ya dawo. A makon ne Mainasara ya sake dafa Alƙur'ani, wannan karon a zauren liman, ba taro, ba kabbara. Bayan watanni Hamma ya sake yin kudu, sai tukunyar Zinariya ta sake hawa murhu. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Bahago. Mai Kaffara ake ce masa. In aka ga ya sayi dawa sai a ce lallai Hamma ya hau mota. Ban san wanda ya fara raɗa sunan ba, amma ba zan rantse cewa ba a rumfata aka fara ba, don ni ban da dawar kaffara.

Masu dambe suka tsane shi don ya ja musu abin kunya, masu wa'azi suka tsane shi don ya mai da Littafin Allah mafaka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Ɗantsoho. Wata Lahadi ya shiga fili, ya ɗaga hannu yana jiran takensa, kalangu ya yi shiru. Ya tsaya a tsakiyar mutane hannu a sama kamar mai tsai da mota.

"Baba Ɗantsoho, ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka, ɗana. Taken nan na wanda ba ya gudu ne. Ko na buga, fatar ba za ta amsa ba."

Ya kwance zarensa a nan, ya dawo gida. Shekara shida bai ƙara taka fili ba, kuma wannan karon bai rantse wa kowa ba.

Wata safiya, furfura ta riga ta fito masa, ya zo rumfata ya miƙo hannun hagu. Ya ce in yi masa tsaga, Zango za shi, zai miƙa wa Hamma hannu a ƙofar gidansa, in ya so a ɗauko gawarsa. Na ce ya bari mana a fara tuƙa tuwon. Bai yi dariya ba. Na tsaga, na shafa magani, na rufe rumfa na bi shi, don irin wannan ba a bari a ji a bakin wani. A motar haya shi kaɗai ya cinye kujerar gaba.

Mun tarar da Hamma a zaure, kwance a kan tabarma. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki tun damina, hannun da ya kashe bakin Ya'u yana ajiye a kan cikinsa kamar ba nasa ba. Maganarsa ta yi nauyi amma ana ji.

"Bahago, kai ne? Zagayo ta hagu in gan ka."

Mainasara ya zagaya ya tsuguna. Hamma ya dubi sabuwar tsagar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ka zo ke nan. To ga ni, buga." Ya yi wata dariya da rabin baki. "Bari in gaya maka. Idon nan na dama, tun ina kiwo ƙaya ta tsone shi. A buɗe yake, amma ba ya ganin komai. Duk wanda na kayar da dama yake bugu, ina ganin hannunsa tun daga nesa. Kai naka ta makahon gefe zai zo. Duk ranar da na miƙa maka hannu tsoro nake kada ka tashi. Amma na ga fuskarka ranar da ka ɗauki abokinka, na san ba za ka tashi ba."

Na ga jijiyar wuyan Mainasara ta miƙe. Na matsa kusa da ƙofa.

Ya ce, "Hamma, don girman Allah, ka faɗi wannan a gaban mutane. Mutum biyar ma sun isa. Zan ɗauko Ɗantsoho."

"Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi. Abin da ya rage mini shi ne in ji ana cewa Bahago ya gudu ya bar ni. Shi ma in ba ka? A gaida mutanen Daura."

Ya juya mana makahon gefen.

Muka hau mota muka koma Daura. Da muka sauka Mainasara ya riƙe mini hannu, ya ce tunda ni na ji, in faɗa wa mutane. Na faɗa. Na faɗa a rumfa, na faɗa a mahauta, na faɗa wa Ɗantsoho har gida. Amma mutumin da ya shekara talatin yana ba da dariya, ranar da ya zo da gaskiya ma dariyar ake yi. Wani ya ce tuwon kaffara ne ke magana a cikina. Wani ya ce gobe kuma zan ce Hamma ba shi da kai. Ɗantsoho ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ko da gaske ne, ai ba idon Hamma aka yi wa take ba.

Hamma ya rasu kafin azumin shekarar. Motoci uku aka cika daga Daura zuwa ta'aziyya.

Mainasara yana nan a teburinsa. Hannun hagun yanzu ba ƙarfi, da dama yake riƙe wuƙa. Duk bayan mako biyu yana zuwa aski, yakan zaɓi lokacin da rumfa ba kowa. In na jiƙa kan, na wasa aska, sai ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wanzam, kai dai da kunnenka ka ji shi ko?"

"Da kunnena na ji."

"To sake faɗa mini yadda ya ce."