Mangwaron da Ruwa Bai Wanke Ba

Babana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aiki ya kawo shi Yamai daga Dogondutsi. Halinsa ɗaya da ya ishe mu, ba ya barin kalma ta wuce bai tambayi asalinta ba. Tarihin mangwaro kuwa mun sha shi har ya gundure mu.

"Sunan nan baƙo ne kamar mu," haka yake farawa. "Daga kudancin Indiya ya taso, can manga suke cewa. 'Yan Fotugal suka ɗauko shi a jirgin ruwa. Zabarmawa suka ce mangu, mu muka ƙara mishi tsawo, don Bahaushe bai karɓar baƙo bai ba shi riga ba."

Sai kuma dokarsa. Ba a shan mangwaro a gidanmu sai ɗan yayyafin nan na tsakiyar zafi, da ake kira ruwan mangwaro, ya sauka ya wanke shi. Kafin nan, in ji shi, ciwon ciki ne kawai.

Shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ta ce mu riƙa nuna masa abubuwan da ya sani, mu gani ko yana gane su. Na nuna masa agogonsa, na nuna allo da alli. Ido kawai. Ni ma a lokacin ba na jin komai, wanka nake masa, in ba shi kunu, in koma in zauna.

Wata ranar Laraba na biya kasuwar Katako na sayo mangwaro uku. Ban ma tuna da doka ba. Na fere ɗaya a gabansa.

"Baba, mine ne wannan? Daga ina sunanshi ya zo?"

Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Na kai yanka ɗaya bakinsa. Sai ya ɗaga hannun da ke aiki ya ture nawa, da ƙarfi, ya nuna sama ta taga. Babu ko ɗigon gajimare.

Ashe yana nan ciki, da dokarsa duka.

Na ajiye sauran biyun a kan taga, muna jiran ruwa ni da shi. Suka nuna, suka yi baƙi, na zubar. Na sayo wasu.

Ruwan ya sauka kwana huɗu bayan mun binne Baba. Na wanke ɗaya na sha a tsaye a ƙofar ɗakinsa. Ban ji ɗanɗanon komai ba, amma na shanye, tunda yanzu an yarda.